Diwali: Bikin Fitilu a Tarihin Indiya

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya ya taɓa ganin daren da ake jera ƙananan fitilun yumɓu a ƙofar gida da kan katanga. To, wannan shi ne Diwali. Sunan ya samo asali daga kalmar Sansikirit "dipavali", watau jerin fitilu. Ana yinsa a daren da wata ya ɓuya, tsakanin Oktoba da Nuwamba, bayan damina ta ɗauke, shagalin kuma kan kai kwana 5. Fitilar kuwa ba ta da maraba da aci-bal-bal ɗinmu: ɗan kasko, mai da lagwani.

Abin da ya ja hankalina shi ne, in ka tambayi dalilin bikin, amsa ta danganta da garin da kake. A arewacin Indiya za a ce maka murna ce ta komowar Rama birnin Ayodhya bayan shekara 14 a daji, da kashe Ravana, sarkin Lanka. A kudu kuwa Krishna ake tunawa, yadda ya halaka Narakasura. Mutanen Bengal su Kali suke bauta wa a wannan dare. 'Yan kasuwar Gujarat kuma suna rufe tsofaffin littattafan lissafi su buɗe sababbi, suna neman arziki a wurin Lakshmi.

Mafi daɗin shaida a wurina ita ce ta wani malamin Musulunci, Al-Biruni, wanda ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030. Ya bayyana cewa ran nan mutane kan yi wanka, su ci ado, su ba da sadaka, su yi wa juna kyautar ganyen betel da ƙwayar areka, kamar dai yadda mu muke rabon goro. Da dare sai a kunna fitilu ko'ina. Amma fa dalilin da aka faɗa masa ba Rama ba ne. Labarin Bali ne, wani sarki da ke tsare a ƙarƙashin ƙasa, wanda Lakshmi kan sake shi sau ɗaya a shekara. Wannan ya sa nake ganin fitilar da lokacin kaka sun girmi labaran, kowace al'umma ta zo ta rataya nata a kansu.

Har waɗanda ba Hindu ba suna da rabo. Mabiya Jain suna tuna rasuwar Mahavira. Su kuwa Sikh suna tuna sakin Guru Hargobind daga kurkukun Gwalior a zamanin Sarki Jahangir, tare da sarakuna 52. Daga baya leburorin ƙwadago da Turawan Ingila suka kwasa sun kai bikin Giyana a 1838, Tirinidad a 1845, da Natal ta Afirka ta Kudu a 1860.

Me ya sa ɗalibin tarihi zai damu? Domin siyasa ta shiga. Ayodhya ɗin nan, a can ne aka rushe Masallacin Babri ran 6 ga Disamba, 1992, abin da ya jawo tarzoma da asarar rayuka masu yawa. Tun daga 2017 gwamnatin Jihar Uttar Pradesh ta fara shirya gagarumin bikin fitilu a bakin Kogin Sarayu, a Janairun 2024 kuma aka buɗe haikalin Rama a filin masallacin. Labarin Rama ya samu hukuma da talabijin a bayansa. Labarin Bali, wanda Al-Biruni ya ji, sai ka nufi Maharashtra ko Karnataka, inda kashegarin babban daren ake kira Balipratipada.