Maɓallin amincewa: yadda ake tsara wa mataimakin AI iyaka kafin ya taɓa kuɗin mutum ko saƙonsa

Maɓallin amincewa shi ne wurin da manhaja ke tsayawa ta nemi izinin mai waya kafin ta aiwatar da wani abu da sunansa. Batun ya ƙara nauyi tun daga ƙarshen 2024, lokacin da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ko IA a Faransanci, suka fara fitar da mataimakan da aikinsu ya wuce amsa tambaya. Irin waɗannan suna buɗe shafin intanet, su cika fom, su tura saƙo, su yi odar kaya. Kamfanin Anthropic ya nuna irin wannan a watan Oktoban 2024, OpenAI kuma ya fitar da Operator a Amurka a watan Janairun 2025.

Ga mazauna Briqueterie, unguwar Hausawa da ke maƙwabtaka da Messa a gunduma ta biyu ta birnin Yaounde, wannan tsayawar ba baƙuwa ba ce. Tela, mai shagon atamfa da shadda, da mai tukubar tsire duk sun saba da ita ta hanyar kuɗin waya. Wanda ya danna *126# na MTN Mobile Money ko #150# na Orange Money, sai an nuna masa abin da zai tura, kuma kuɗin ba ya fita sai ya sa lambar sirri. Wannan shi ne maɓallin amincewa mafi yaɗuwa a Kamaru. Masu damfara ma sun san haka, shi ya sa ba sa wahalar da kansu wajen fasa na'urar kamfani. Kira suke yi, su ce daga kamfanin waya suke ko an turo kuɗi bisa kuskure, har mutum ya sa lambar da hannunsa. Izinin da aka bayar ba tare da an fahimci abin da ake amincewa da shi ba, bai kare kowa ba.

Wakili da iyakarsa

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar tsarin ita ce a dubi yaron shago. Maigida yana barinsa ya faɗi farashi, ya auna yadi, ya karɓi kuɗi. Ba da bashi ko rage farashin dila guda kuwa, sai an tambayi maigida. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta wakilin da aka sakar wa mara da wanda aka ƙayyade wa abin da zai yi, kuma masu tsara manhaja suna bin kusan wannan rabon, ko da ba su san sunansa ba.

Ma'aunin da suka fi amfani da shi shi ne: idan aka yi kuskure, ana iya mayar da abin yadda yake? Neman farashin tikitin jirgin ƙasa na Camrail daga Yaounde zuwa Ngaoundere ba ya buƙatar izini, domin dubawa ce kawai. Rubuta daftarin saƙo ga mai kawo kaya daga Kano ma haka, muddin ba a tura ba. Turawar, biyan kuɗin, share hotuna, ko miƙa lambar katin shaida ga wani shafi, nan ne ya kamata mataimaki ya tsaya cak. A bayanin da OpenAI ya yi kan Operator, ya ce yana neman tabbaci kafin ya kammala oda ko ya tura imel, yana mayar wa mutum linzami idan an zo shigar da kalmar sirri ko bayanan biyan kuɗi, kuma an horar da shi ya ƙi wasu ayyuka kamar hada-hadar banki.

Tunanin ya girmi waɗannan manhajoji. A 1999 Eric Horvitz na kamfanin Microsoft ya wallafa ƙa'idoji kan yadda mutum da na'ura za su riƙa karɓa-karɓar jagoranci, inda ya nuna cewa na'ura ta auna rashin tabbacinta da kuma asarar da kuskure zai jawo kafin ta yanke ko ta yi aiki, ko ta tambaya, ko ta yi shiru.

Abin da allon tambayar ya kamata ya nuna

Tambaya irin ta "Ka amince?" da Valider da Annuler a ƙarƙashinta ba ta wadatar ba. Allon kirki yana faɗin wa za a tura wa, nawa ne da lambobi, a wane kuɗi, nawa ne caji, da kuma ko ana iya janyewa. A Kamaru cajin ya haɗa da harajin kashi 0.2 cikin ɗari da aka ɗora wa tura kuɗi da cire su ta waya tun watan Janairun 2022.

A nan ne Hausa ke da tarkon da mai tsara manhaja a Kalifoniya ba zai hango ba. Bahaushen Maradi ko Damagaram da dala yake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan ya ce ɗari, 500 yake nufi, jika ɗaya kuma 1,000. Bakano idan ya ce dubu hamsin, naira yake nufi. Ga shi kuma sefar Kamaru da Cadi ta bankin BEAC ce, ta Nijar da Benin ta BCEAO, darajarsu ɗaya amma takardunsu daban. A ɗauka wani ɗan kasuwa a Briqueterie da ke hulɗa da dukkan waɗannan wurare ya ce wa mataimaki da baki, "Tura wa Alhaji ɗari biyar." Wane Alhaji cikin Alhazan da ke wayarsa? Ɗari biyar ta wane lissafi? Mataimakin da ya zaɓa da kansa ya yi ganganci. Wanda aka tsara da kyau zai maido da umarnin yadda ya fahimce shi, da cikakken suna da lamba da adadi, sannan ya jira.

Harshen allon ma magana ce. Faransanci da Ingilishi su ne harsunan hukuma a Kamaru, kuma da su ake rubuta yawancin allunan amincewa. Akwai dattawa da mata da yawa da karatunsu na allo ne, waɗanda saƙon murya na WhatsApp ya fi musu sauƙi a kan rubutu. Mataimakin da ke hira da mutum da Hausa, amma ya juya zuwa wani harshe daidai lokacin neman izini, ya yar da shi a inda ya fi buƙatarsa. Karanta masa adadin da murya kafin ya sa lambar sirri ya fi kowace ƙawata allo amfani.

Yawan tambaya ma illa ne

Idan manhaja na tambaya a kowane taku, yatsa na koyon danna "e" kafin ido ya karanta. An ga haka da Windows Vista a 2007, wadda yawan neman izininta ya gundiri jama'a har Microsoft ya rage shi a Windows 7. Saboda haka masu tsarawa suka fi son a nuna wa mutum shirin aikin gaba ɗaya tun farko ya gyara, a bar shi ya kafa iyakar kuɗin da ba za a wuce ba, a kuma ajiye tambaya don wurin da babu komawa. Inda janyewa ke yiwuwa, ta fi tambaya sauƙi: Gmail na iya riƙe saƙo har daƙiƙa 30 don mai shi ya fasa.

Akwai kuma bambanci tsakanin gaya wa mataimaki kada ya yi abu da hana shi ikon yin abin. A watan Yulin 2025 ɗan kasuwar fasaha Jason Lemkin ya bayyana cewa mataimakin AI na kamfanin Replit ya share masa rumbun bayanai duk da umarnin da ya bayar na kada a taɓa komai. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya amsa cewa bai kamata hakan ta yiwu ba, kuma gyaran da suka sanar shi ne raba wurin gwaji da wurin aiki na gaske. Wato ƙofa aka kulle, ba a tsaya ga ja wa mataimakin kunne ba. Wannan na da muhimmanci domin ana iya yaudarar mataimaki da umarnin da aka ɓoye cikin shafi ko saƙon da yake karantawa, kamar yadda ake yaudarar mutum ta waya. Lambar sirrin kuɗin waya ba abin da za a damƙa masa ba ce.

Abin da doka ta ce

Dokar AI ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, ta tanadi a sashe na 14 cewa tsare-tsare masu babban haɗari su kasance ƙarƙashin sa idon ɗan Adam, har da hanyar dakatar da su. Tarayyar Afirka ta amince da dabarunta na AI a birnin Accra a watan Yulin 2024. A Kamaru, doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamban 2010 ita ce ta shafi tsaro da laifukan intanet, kuma hukumar ANTIC ce ke kula da fannin. Doka mai lamba 2024/017 ta 23 ga Disamban 2024 kuwa ta shafi kare bayanan mutum, kuma ta ba yardar mai bayanan muhimmanci kafin a sarrafa su. Mataimakin da ke karanta lambobin waya da saƙonni yana taɓa bayanan mai wayar, da na abokan cinikinsa na Garoua, Kano da N'Djamena waɗanda ba wanda ya nuna musu allon amincewa.