Raccah Rovers: Zakarun Kano Na 1978

Idan muka tambayi ɗalibanmu a nan Wudil wace ƙungiya ce ta fara kawo wa Kano kofin gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, sai su ce Kano Pillars. To, ba haka ba ne. An kafa Pillars a 1990, kuma ba ta ɗauki kofin ba sai 2008. Shekara 30 kafin nan, a 1978, Raccah Rovers ta riga ta ɗauko shi, a zamanin da Rangers ta Inugu da Shooting Stars ta Badun ke cin karensu babu babbaka.

A shekarar ce kuma Fluminense ta Burazil ta kara da Raccah a Kaduna, Pele da kansa ya sa rigar baƙin ya shiga fili. Baƙin suka ci 2 da 1. Ai wannan ba abin kunya ba ne!

Daga baya ƙungiyar ta watse. Mu marubuta mun cika kasuwa da littattafan soyayya, alhali labarin waɗannan 'yan wasa yana bakin dattawa, su kuwa kullum raguwa suke yi.