Fasali a kan umrorin Annabi da wahamin mai ruwaya

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa. Bayan haka, ka sani ya kai almajiri, abin da mutum ya halarta sau da yawa shi ya fi rikice masa, domin kwanaki suna cuɗanya cikin zuciya, sai ya riƙe aikin ya saki lokacinsa.

Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya yi umra 4: ta Hudaibiyya shekara ta 6 ga Hijira, wadda Ƙuraishawa suka tsare shi, da ta ramuwa shekara ta 7, da ta Ji'irana ta 8, da wadda ya gama da hajjinsa ta 10. Ukun farko duka cikin Zulƙida.

Urwatu da Mujahidu suka iske Abdullahi ɗan Umaru cikin masallacin Madina, kusa da ɗakin A'ishatu. Ya ce 4 ne, guda cikin Rajab. A'ishatu ta roƙa masa rahama, ta shaida ya halarci kowace, amma ta kore Rajab. A ruwayar Muslimu, ya yi shiru.

To duba, ba ta ƙaryata shi ba. Adadinsa daidai ne, watan ya kuɓuce masa. Malaman hadisi wahami suke kiran wannan, ba ƙarya ba. Wanda bai rarrabe su ba, ko ya zubar da shaidar adali, ko ya haɗiye kuskurensa. Ni na ga wani alƙali ya kori tsoho don ya saɓa ranakun bashin da ya biya kashi-kashi, wannan kuwa zalunci ne. Amma malamai suka karɓi 4 daga ɗan Umaru, suka bar Rajab, domin Anas ma Zulƙida ya ambata. Tammat.