Ƙwallo da Bango: Tarihin Wasan Fayis a Ƙasar Hausa

Wasan fayis, wato wasan da mutum huɗu suke rabuwa biyu-biyu suna bugun ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a cikin fili mai bango uku, yana daga cikin abubuwan da makarantar boko ta shigo da su Arewacin Nijeriya a zamanin mulkin Turawa, kuma ya zauna da gindinsa a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi da Kaduna har ya zuwa yau. Tsarin filin da yawancin dokokin wasan suna nan kusan yadda aka kawo su daga Ingila, amma ƙwallon da ake bugawa ta sauya tun da wuri, kuma wannan sauyi, wanda mai kallo zai iya ɗauka ƙaramin abu ne, shi ne ya ba wasan kamannin da aka san shi da su a ƙasar Hausa.

Asalin wannan nau'i na fayis makarantar Iton ce, wadda Sarki Henri na Shida ya kafa a shekarar 1440. Ɗalibanta sun saba bugun ƙwallo a jikin majami'ar makarantar, a wani lungu da ke tsakanin dogaran bango biyu, wato ginshiƙan da ake ginawa a jikin bango domin su tallafe shi, a daidai gindin matakalar shiga. Da aka gina filayen wasan na musamman a shekarar 1840, sai magina suka kwaikwayi wannan lungu da duk kane-kanensa: ɗan dakalin da ya raba filin gida biyu, da guntun dogarin da ya tsaya a gefen hagu, da tudun da ya bi jikin bango yana karkatar da ƙwallo inda ba a zata ba. An rubuta dokokin wasan a 1877. Ƙwallon da suke bugawa a can ƙarama ce mai tauri, an yi ta da roba haɗe da ɓawon itacen nan marar nauyi da ake toshe bakin kwalba da shi, shi ya sa ɗan wasa ba ya shiga fili sai da safar hannu ta fata mai kauri.

Wani malamin makaranta Bature mai suna Hogben, wanda ya koyar a Katsina da Birnin Kebbi a shekarun 1920, shi ake dangantawa da kawo wasan Arewa. Zuwansa ya dace da lokacin da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 domin horar da malamai, kuma wadda ɗalibanta suka fito daga lardunan Arewa daban-daban suka koma suna koyarwa a makarantun midil na garuruwansu. Ta wannan hanya ce wasan ya yaɗu, domin duk malamin da ya ƙware a kansa a Katsina ba ya buƙatar wani abu a sabon wurin aikinsa illa magini da 'yan ɗalibai masu ƙarfin hannu.

A nan ne batun bango ya taso. Kwalejin kanta da jar ƙasa aka gina ta, kamar yadda ginin nata, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, yake nunawa, kuma filayen fayis na farko da ƙasa aka tayar da su. Maginan Hausa suna da dabarun ƙarfafa gini: akwai makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafawa ko a yayyafa domin yaɓe da daɓe su yi ƙarfi, akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin rijiyar rini. Amma waɗannan duka an yi su ne domin su jure ruwan sama da takun ƙafa, ba domin su jure dukan ƙaramin abu mai tauri da ke faɗa wa wuri ɗaya sau ɗaruruwa a yini ba. Ƙwallon Ingila tana ɓantare yaɓe, kowane rami da ta bari kuma yana karkatar da bugun da zai biyo baya, ga shi kuma sai an yi odarta daga ƙetare, ita da safar hannun da ke tafiya da ita. Mafitar da aka samu ita ce ƙwallon tanis, wadda cikinta iska ce, jikinta roba mai laushi da aka lulluɓe da gashi, nauyinta bai kai giram 60 ba, kuma idan ta bugi bango takan lotsa ta baje ƙarfin dukan maimakon ta huda.

Sauyin bai tsaya ga kare bango ba, domin kowace ƙwallo tana koya wa hannu irin bugun da ya dace da ita. Ƙwallon tanis ta fi ta Ingila girma da tsalle, tana dawowa daga bango da sauri, tana kuma tashi sama, saboda haka ɗan wasan Arewa ya tashi da zafin nama, da yawan tsalle, da tarar ƙwallo tun kafin ta taɓa ƙasa, kuma kashe bugu a gindin dogari, wanda shi ne babban makamin 'yan wasan Ingila, ya zama abu mai wuya tun da ƙwallon ba ta saurin mutuwa. Yanayi ma yana da nasa hannun a ciki: iskar da ke cikin ƙwallon takan ƙara ƙarfi da zafin bazara, sai tsallenta ya ƙaru, da sanyin safiyar hunturu kuwa takan yi nauyin tashi. Haka nan wadda gashinta ya siɗe ta fi sabuwa gudu, ta kuma fi ta wuyar murɗawa.

Wannan lissafi na daidaita ƙwallo da fili da hannun mai bugu ba fayis kaɗai ya shafa ba. A wasan bolin na Amurka, inda ake gangara ƙwallo mai nauyin da bai wuce laba 16 ba a kan doron katako mai tsawon ƙafa 60 domin a kayar da 'yan sanduna goma, man da aka fara shafa wa katakon domin kare shi daga lalacewa ya zama shi ne ke yanke hukuncin ƙwallon da za a zaɓa: mai santsin jiki tana tafiya kai tsaye, mai kama katako kuwa tana lanƙwasa idan ta wuce inda man ya ƙare. A can masana'antu sun yi ta sauya jikin ƙwallon, daga itace zuwa roba a farkon ƙarni na 20, sannan zuwa sinadarai iri-iri, har gogaggen ɗan wasa yana zuwa gasa da ƙwallaye da dama. A Katsina an yi zaɓin sau ɗaya, aka kuma tsaya a kansa.

Ɗaurin gindin da wasan ya samu daga manya ne ya raya shi bayan tafiyar Turawa. Sir Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, gwanin fayis ne, bai kuma daina bugawa ba bayan ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, har ma a wata ziyara da ya kai Ingila ya je Iton ya buga a filin da wasan ya samo asali. Gasar da ta fi kowace daraja a wasan a Nijeriya da sarautarsa ake kiranta, wato Kofin Sardauna, kuma masarautar Katsina ta daɗe tana riƙe da fayis tare da wasan folo, wanda Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wa tushe a garin. Sai dai wannan alaƙa da fada da makarantun kwana ita ce kuma ta taƙaita shi, domin a garuruwan karkara tamaula ce wasan yara, tun da ita ba ta neman bango uku, ko fegin da aka girbe ma ya ishe ta.

Filayen da ake ginawa a yanzu na bulo da siminti ne, saboda haka dalilin farko na guje wa ƙwallo mai tauri ya kau, amma ba a koma mata ba, kuma babu hujjar ɗaukar hakan a matsayin nakasu. Ƙwallon tanis tana samuwa a kasuwa, ba ta tilasta wa yaro sayen safar fata kafin ya fara koyo, kuma a kanta aka gina salon bugun da 'yan kallo suke taruwa dominsa. Da an nace wa ƙwallon Ingila a shekarun 1920, da wuya wasan ya wuce harabar Kwalejin Katsina.