Dokar 12 ga Maris 1962: Yadda Ta Fita daga Hannun Ɗan Garwa Ta Dawo Kan Arewa

  

Duk wanda ya haura shekara sittin a garin nan, in ka ambaci Colire a gabansa, za ka ga ya ɗan yi shiru kafin ya tanka. A wajen yaran yanzu Colire gari ne kawai a ƙasar Rai Buba. A wajen iyayenmu kuwa, wuri ne da ake kai mutum ba alƙali, ba shaidu, ba ranar fita. Gwamnati ta sa wa sansanin suna mai daɗin ji, wai cibiyar gyaran tarbiyyar 'yan ƙasa. Ɗalibanmu sukan tambaya: ashe a lokacin ba a da kundin tsarin mulki? Akwai shi. A rubuce ma ya yi alkawarin 'yanci. To ina gizo ya yi saƙa?

Bari mu faro daga baya kaɗan. Ƙasar nan tamu tana cikin Fombina ne, wadda Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Cikin laifuffukan da Shehu ya lissafa wa sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙ akwai ƙwace dukiyar talaka, da ɗora haraji na zalunci, da karɓar gaisuwa kafin a saurari ƙara. Wato tun kafin Bature ya zo, malamanmu sun san cewa mai mulki yana da iyaka. Ko an tsaya kan iyakar a aikace, wannan zance ne daban, don mu ma mun san lamidai da yawa sun tsallake ta.

Jamusawa suka ci Garwa a 1901, suka rasa ta a 1915, ƙasa ta koma hannun Faransa. Faransawa suka zo da tsarin da suke kira andijena, wanda ya ba kumandan ikon ɗaure ɗan ƙasa har kwana 15 ko cin tararsa faran 100 ba tare da zuwa kotu ba. Shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne mai gidan kaso. Sai a 1946 aka soke wannan tsari tare da aikin tilas. A riƙe wannan a zuciya, domin abin da zai biyo baya ɗan gidansa ne.

A watan Fabrairun 1958 Ahmadu Ahijo, haifaffen garin nan a 1924, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya zama firayim minista. Kudu tana cin wuta a lokacin. 'Yan UPC sun shiga daji a ƙasar Basa, daga baya wutar ta kama ƙasar Bamileke. A Oktoban 1959 majalisa ta miƙa masa cikakken iko na wucin gadi don ya yi mulki da umarni. Aka sami 'yancin kai ran 1 ga Janairun 1960, aka kai kundin tsarin mulki gaban jama'a ran 21 ga Fabrairu, ya wuce da kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma ƙuri'un arewa ne suka tsallakar da shi. Gabatarwarsa ta ce Kamaru ta rungumi sanarwar haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Da aka haɗe da kudancin Kamarun Ingilishi ran 1 ga Oktoban 1961, sabon kundin tarayya ya maimaita wannan alkawari. Amma can wajen ƙarshensa akwai wani sashe da ya ba shugaban ƙasa damar kafa dokoki shi kaɗai na tsawon wata shida, wai har hukumomin tarayya su zauna da gindinsu.

Saura 'yan kwanaki wata shidan nan su cika, ran 12 ga Maris 1962, Ahijo ya sa hannu kan dokar hana zagon ƙasa. Kun ga abin: ikon na wata shida ne, amma abin da ya haifa ya rayu shekara 28.

Me dokar ta ce? Ta hukunta wanda ya zuga jama'a su bijire wa doka, wannan kowa zai gane. Ta hukunta wanda ya zubar da kwarjinin hukuma ko ya jawo wa gwamnati ƙiyayya. Ta hukunta mai yaɗa labarin ƙarya da jita-jita. Sannan ta ƙara da wanda ya ba da labari na gaskiya amma ya yi masa sharhin da zai iya cutar da hukuma. A sake karanta wannan. Labarin gaskiya ne, ba a musa ba, amma in ka ɗora masa ra'ayinka, ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar yana jiranka. Wane ne zai auna ko sharhin ya cutar? Ita hukumar da aka yi wa sharhin. Ɗalibin fiƙihu ya san ba a yanke hukunci sai an fayyace laifi, kuma mai da'awa ba ya zama alƙalin da'awarsa. Dokar nan ta rushe duka biyun.

Akwai abin da ya faru makonni kaɗan kafin ta. Ran 1 ga Fabrairun 1962 aka cusa fursunoni 52 cikin taragon jirgin ƙasa na ƙarfe, a rufe, daga Duwala zuwa Yawunde. Da aka buɗe, 25 sun mutu don rashin iska. Jaridar 'yan Katolika mai suna L'Effort Camerounais ta fitar da labarin, aka kwashe bugun, aka kori limamin cocin da ke shugabantarta daga ƙasar. A watan Yuni kuma, shugabannin adawa huɗu, André-Marie Mbida wanda shi ne firayim ministan farko, da Charles Okala, da Mayi Matip, da Bebey Eyidi, suka rubuta takarda suna ƙin tsarin jam'iyya ɗaya. Da wannan sabuwar doka aka ɗaure su. A 1963 aka mayar da irin waɗannan shari'o'i kotun soja. A 1966 jam'iyyar UNC ta zama ita kaɗai. Ban da kotu kuma, akwai tsarewa ta hukuma, wadda sa hannun wani babba ya isa a kai ka Colire ko Mantum, in wa'adi ya cika a sabunta. Bishop Albert Ndongmo na Nkongsamba, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a Janairun 1971 sannan aka sassauta, a Colire ya yi zamansa har 1975.

Nan ne wurin da ya kamata mu yi wa kanmu adalci. A shekarun nan Garwa tana cikin daula. An yi mana filin jirgin sama, an yi tituna, 'ya'yanmu sun cika ofisoshi da rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa. Galibin waɗanda dokar ta ci 'yan kudu ne, kuma galibinmu ba mu ɗaga murya ba. Wasu tsoro ne ya hana su, wannan uzuri ne da ake fahimta. Amma da yawa gani suke abin bai shafe su ba, tunda namu ne a sama. Maƙwabtanmu na nan arewa waɗanda ba Musulmi ba su ma suna da nasu ƙorafin game da zamanin, na matsi da danniya daga hukuma da masarautu, kuma ba ƙarya suke yi ba. Ba muna cewa Ahijo bai yi alheri ba. Ya karɓi ƙasa tana yaƙi ya bar ta a haɗe, ya kuma sauka da kansa, abin da ba a saba gani ba a Afirka ta lokacin. Allah ya gafarta masa. Amma kayan aikin da ya ƙera bai tafi da su ba.

Ya yi murabus ran 4 ga Nuwamban 1982, Paul Biya ya hau ran 6. Ba a yi shekara ba suka ɓata. Ahijo ya bar ƙasa a Yulin 1983. A watan Agusta aka ba da sanarwar an gano maƙarƙashiya, aka sauke firayim minista Bello Buba Maigari, aka raba lardin Arewa gida uku: Adamawa, da Arewa, da Arewa Mai Nisa. A Fabrairun 1984 kotun soja a Yawunde ta yanke wa Ahijo hukuncin kisa a bayan idonsa, daga baya aka sassauta. Irin kotun da ya tura wasu, ita ta zauna kansa. Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere.

Sai ga 6 ga Afrilun 1984. Wasu sojojin rundunar tsaron fada, akasarinsu 'yan arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki, aka murƙushe su bayan an yi asarar rayuka a Yawunde. Wanda ya ɗauki makami ya san abin da ya tara. Amma kamen bai tsaya kansu ba. An kwashi sojoji da ma'aikata da 'yan kasuwa, wasu ba su da laifin da ya wuce sunansu da garinsu. An yi shari'o'i a asirce cikin gaggawa, aka harbe gommai, farawa da Mbalmayo ran 1 ga Mayu, ba a kuwa ba iyalansu gawawwaki ba. Cikin waɗanda aka kashe akwai Isa Adum, shugaban asusun raya karkara. Dakole Daisala, Batupuri, shugaban kamfanin motocin safa na birni, ya yi shekara bakwai a tsare ba a taɓa gurfanar da shi ba. Wasu sun gama wa'adinsu aka ci gaba da riƙe su. Akwai gidaje a unguwanninmu da har yau ba su san inda kabarin mahaifinsu yake ba. A lokacin ne muka nemi dokar da za ta tsaya mana, muka tarar mun bari an cire mata haƙora tun 1962.

Ahijo ya rasu a Dakar ran 30 ga Nuwamban 1989, aka binne shi a maƙabartar Yof. Matarsa Germaine ta bi shi a 2021, ita ma can aka binne ta.

Sauyi ya zo a 1990, kuma ba kyauta aka ba da shi ba. An kama lauya Yondo Black a Fabrairu, an kashe mutum shida a Bamenda ran 26 ga Mayu wajen ƙaddamar da jam'iyyar SDF. Ran 19 ga Disamba aka sa hannu kan jerin dokokin da ake kira dokokin 'yanci, aka soke dokar zagon ƙasa, aka buɗe ƙofar jam'iyyu da ƙungiyoyi da jaridu. A Janairun 1991, da ake shari'ar Célestin Monga da Pius Njawé a Duwala kan wata buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban ƙasa, mutanen Garwa sun fito zanga-zanga har aka rasa rayuka. Mutanen biyu ba 'yan arewa ba ne. A ganinmu wannan rana ce da garin nan ya nuna ya ɗauki darasi. A Afrilun shekarar aka yi dokar afuwa, fursunonin 1984 suka dawo gida.

Kundin da ake aiki da shi yanzu shi ne na 18 ga Janairun 1996. Gabatarwarsa ta ce ba a kama mutum ko tsare shi sai yadda doka ta tsara, gida yana da alfarma, wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar, kuma kowa yana da 'yancin addini da ibada. Sashe na 65 ya ce gabatarwar nan ɓangare ce ta kundin, ba ado ba ce. Amma sashe na 9 ya bar wa shugaban ƙasa ikon ayyana dokar ta-ɓaci, a 2008 aka cire iyakar wa'adin mulki, majalisar kare kundin kuwa da aka yi alkawari a 1996 sai a 2018 aka naɗa mambobinta.

Daga nan sai fitinar Boko Haram. Ba mai buƙatar a gaya masa abin da suka yi a Fotokol da Kolofata da Marwa. Musulmi ne suka fi shan wuyarsu, kuma wajibi ne hukuma ta tsare rayuka. A Disamban 2014 aka yi dokar yaƙi da ta'addanci. Ta kai farar hula kotun soja, ta ba da damar tsare mutum kwana 15 a yi ta sabuntawa, ta kuma faɗaɗa ma'anar laifin har dattawa suka ce sun ji ƙanshin 1962. A watan nan dai jami'an tsaro suka shiga makarantun allo a Girbidig, suka tafi da yara 84, wasu 'yan shekara biyar, tare da malamansu. Yaran sun yi wata shida a Marwa ba tuhuma kafin a mayar da su ga iyayensu. Mako guda bayan wannan aka yi kame a Magdeme da Duble, kuma gwamnati da kanta ta amsa cewa mutum 25 sun mutu a tsare. Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI wanda da yawanmu mun san muryarsa, an kama shi a Marwa ran 30 ga Yulin 2015, kotun soja ta ba shi shekara 10 a 2017, ɗaukaka ƙara ta rage, ya fito a Disamban shekarar.

Saboda haka, ɗalibai, ga abin da ya kamata kowane gida ya sani. A laifuffuka na yau da kullum, dokar shari'ar laifuka ta 2005 ta ce ɗan sanda ko jandarma ba zai riƙe mutum fiye da awa 48 ba, ana iya sabuntawa sau ɗaya, ƙari bayan wannan sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Wanda aka tsare yana da damar ganin lauya da likita da iyalinsa. In an riƙe shi ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 584 ya ba da damar a kai takarda gaban shugaban babbar kotun wurin don a sake shi nan take, kuma ba dole sai shi zai kai ba. Ɗan'uwa ko maƙwabci yana iya shigar da ita a madadinsa.