Idanu biyu, umarni guda: tarihin wata hanya a kututturen ƙwaƙwalwa

Idan mutum ya mai da dubansa hagu, tsokoki biyu ne ke ja tare: ta wajen idon hagu, wadda jijiyar kai ta shida ke motsawa, da ta cikin idon dama, wadda ke ƙarƙashin jijiya ta uku. Dukansu biyu daga kututturen ƙwaƙwalwa suke fitowa, wato sashen da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka, amma tushen ɗaya yana ƙasa, na ɗayar yana sama, kuma ba gefe guda suke ba. Wa ke ba su umarni a lokaci ɗaya? Tambayar nan ta yi sama da shekara ɗari tana wahal da likitoci.

A shekarar 1858 wani likitan Faransa, Foville, ya kawo bayanin wani majinyaci da fuskarsa ta shanye gefe guda, idanunsa biyu kuma suka kasa duban wannan gefen. Ya danganta cutar ga sashen kututturen da ake kira gada. A 1883 Henri Parinaud ya bayyana masu kasa ɗaga ido sama. Sai dai ƙari ko toshewar jini ba sa ɓarna da tsari. Sukan lalata hanyoyi da dama a tare, likita ya rasa wadda zai ɗora wa laifi. Saboda haka masana suka ƙaddara cewa akwai wata cibiya ta daban kusa da tushen jijiya ta shida. Ta shiga littattafai, ɗalibai suka haddace sunanta, alhali babu wanda ya taɓa ganinta a madubin bincike.

Biri ne ya raba gardama. Zomo idanunsa a gefe suke, amma biri gabansa yake kallo kamar ɗan Adam, kuma ana iya horar da shi ya bi ɗigon haske da ido don ladan ruwan lemo. A 1944 Morris Bender da abokin aikinsa Weinstein, a Amurka, suka lalata wani siririn damin zaruruwa da ke bin tsakiyar kututturen birrai. Idon da ke gefen raunin ya daina shigowa wajen hanci idan dabbar ta dubi ɗaya gefen. An gano hanyar, saura mafarinta.

David Robinson, wanda injiniyan lantarki ne kafin ya koma ga ido, ya ƙirƙiro a 1963 dabarar auna motsin ido da ɗan zoben waya a cikin filin maganaɗisu. A 1970, shi a Baltimore, Albert Fuchs da Erich Luschei kuma a Seattle, suka naɗi aikin ƙwayoyin jijiya ɗai-ɗai a cikin biri yana farke. Umarnin ashe kashi biyu ne: ɓarin wuta mai sauri da ke fizgar ido, sa'annan tsayayyen saƙo da ke riƙe shi inda ya sauka. Ƙwayoyin fizgar gefe a cikin gada suke; na sama da ƙasa kuwa Jean Büttner-Ennever da abokan aikinta suka nuna mazauninsu can saman kututture a ƙarshen shekarun 1970, inda cutar Parinaud take nuni tun da daɗewa.

Cibiyar nan ta littattafai kuwa ba a same ta ba. A 1974 Ann Graybiel da Erika Hartwieg suka bi sawun zaruruwa da wani sinadari a ƙwaƙwalwar kyanwa, daga baya aka tabbatar da abin a biri: tushen jijiya ta shida da kansa yana ɗauke da ƙwayoyi iri biyu. Wasu suna zuwa tsokar idon gefensu, wasu suna ƙetarawa su hau damin nan na Bender zuwa tushen jijiya ta uku. Abin da aka yi ta nema a maƙwabta, a cikin gida yake.

Yau idan likita ya yawata yatsa gaban majinyaci ya ga ido ɗaya ya ƙi shigowa ciki, ya san damin da ya taɓu tun kafin a ɗauki hoton kai. Ba a cika faɗin kuɗin wannan ilimi ba: yawancin birran an kashe su bayan gwaji, aka yanka ƙwaƙwalwarsu falle-falle don a ga inda allurar ta tsaya.