Yadda Shari'ar Jini Ta Bar Fadar Sarki

Idan muka koma zamanin Daular Usmaniyya, za mu tarar shari'ar kisan kai ba ta kowane alƙali ba ce. Alƙalin gari yakan raba gado, ya sasanta rigimar aure da ta bashi, amma da zarar an zubar da jini sai magana ta hau zuwa gaban Sarki. Can ake tsayar da waliyyan mamaci a tambaye su abin da suka zaɓa: ƙisasi, diyya, ko yafiya.

Da Turawa suka ci ƙasa a 1903 ba su rushe wannan tsari ba, dabara suka yi masa. Gwamna Lugga ya hana yanke hannu, aka kasa kotuna daraja-daraja, aka ce Sarki na iya yanke hukuncin kisa amma ba a zartarwa sai Gwamna ya amince. Haka aka lallaɓa shekara arba'in da 'yan kai.

Abin ya tsinke ne a 1947, kan wani mutum, Tsofo Gubba, wanda ya kashe kwarton matarsa. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa kisa bisa mazhabar Malikiyya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, domin a dokar Turawa wanda aka tunzura ba a kashe shi. Laifi ɗaya, hukunci biyu. Daga ranar kowa ya san zaman ba zai ɗore ba.

Gab da 'yancin kai, ƙananan ƙabilu na kuka da wannan tsari, gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ta haifi dokar hukunta laifuka ta Final Kod, wadda aka ɗauko samfurinta daga Sudan, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. Sardauna ya sha suka a kanta, har yau ma ana yi, ko da yake an bar bulalar haddi ga Musulmin da ya sha giya ko ya yi zina. Ragowar ikon fada kuwa soja ne suka ƙarasa shi a 1967, lokacin Gwamna Hassan Usman Katsina, da aka soke kotunan sarakuna.

Zamfara ta dawo da haddi da ƙisasi a 2000, jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu. Amma ikon bai koma fada ba. Alƙalin da ke yanke hukuncin yanzu ma'aikacin jiha ne, kuma ana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli a Abuja.